Allurar da ta kwanta ba lafiyar injin take nufi ba

Cikin bazarar da ta wuce aka jawo mini wata Golf 3 da igiya daga hanyar Anka. Direban yaro ne da na sani tun yana karen mota. Na tambaye shi ko bai ga allurar zafi tana hawa ba. Ya ce, "Kawu, ai allurar nan tun kafin azumi ta kwanta, mota kuwa lafiya lau take tafiya." Da muka buɗe bonet, lagireto babu ko ɗigon ruwa, gaskit ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Ni rewaya ne, wannan ya fi ƙarfina, sai na tura shi wurin bakanike. Amma kafin a ja motar sai da na nemo abin da ya kashe allurar: wata 'yar waya ce ta zame daga bakinta. Da yatsa biyu na mayar da ita.

Na shekara da shekaru ina wannan sana'a a Abare, kuma yawancin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Anka, Bukkuyum da Gummi sun girmi masu tuƙa su. Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta a Jamus, ga tsofaffin Fijo 504 da aka haɗa a Kaduna. Mota mai irin waɗannan shekaru, ga gargadar hanya, ga ƙurar hunturu, dole wayoyinta su saki. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar gejin gaban direba kamar ado.

Kowace allura abu uku ne ke bayanta: na'urar da ke jin abin a jikin injin ko cikin tanki, wayar da ke ɗauko saƙon, sai gejin kansa. A cikin ukun nan gejin ne ya fi wuyar lalacewa, amma shi ake fara zargi. Mutum zai tafi Gusau ya sayo allon gejin gaba ɗaya, a ɗaura, allura ta ci gaba da barcinta.

Ga yadda nake bi. Idan allurai duka suka mutu lokaci guda, fis nake fara dubawa, sannan wayar da ke mayar da wuta jikin mota. A motocin Jamus launinta ƙasa-ƙasa ne. In tsatsa ta ci wurin da aka ɗaure ta, za ka ga abin mamaki: ka kunna fitilar gaba, allurar zafi ta ɗaga, ka kashe, ta sauko. Wani har cewa yake an yi wa motarsa sammu. Kwance noti ɗaya da goge wurin da sanfefa ke karya sammun. A Golf 2 kuma akwai wani ɗan abu a bayan allon da ke daidaita wutar da ke zuwa gejin mai da na zafi a kan bolt 10. Ranar da ya lalace su biyun tare suke yin ƙarya.

Idan allura ɗaya ce, sai in cire wayarta daga jikin na'urar, in sa yarona ya murza makulli ba tare da ya tayar ba, in taɓa wayar a jikin ƙarfen injin na ɗan lokaci kaɗan. In allurar ta zabura, to gejin da wayar lafiyarsu ƙalau, na'urar ce ta gaji. In ba ta motsa ba, sai a bi wayar taki-taki. Kada a daɗe da taɓawar, gejin na iya ƙonewa.

Gejin mai yana da nasa labarin. Wani ɗan abu ne ke yawo a saman fetur cikin tanki, yana jan hannu a kan wani siririn layi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 direbobinmu lita biyar, lita goma suke zubawa, hannun nan kullum wuri ɗaya yake gogawa har wurin ya cinye. Sai direba ya koma lissafi da ka. Wanda ya san yadda hanyoyinmu suke a shekarun nan ya san ba wurin da mai zai ƙare wa mutum ba ne bayan la'asar.

Abu biyu nake so direbobi su riƙe sosai. Na farko, allurar zafi zafin ruwa take ji. In ruwan ya tsiyaye gaba ɗaya, tana iya nuna komai daidai alhali injin na dahuwa. Don haka ba ta ɗauke maka duba lagireto da safe ba, kafin injin ya yi zafi. Na biyu, jar fitilar baƙin mai. Na sha samun motar da aka zare ƙwan fitilar, ko aka manna mata baƙin salatif don tana damun direba. Wannan kamar a toshe bakin mai gadi ne don ihunsa na hana barci. Ita ma fitilar batir ba banza take ba: a tsofaffin motoci ta cikin ƙwanta wutar da ke tayar da altaneta ke bi. In ƙwan ya mutu, caji na iya ƙin farawa sai an taka totur da ƙarfi. Da mita ake ganewa: injin na aiki, batir ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5.

Wani lokaci kuwa laifin na allon ne, girgiza ta tsattsaga haɗin da ke bayansa, sai a sake narka dalma a liƙe. A nan nake ja wa yarana kunne. Mu mutanen Abare ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi wa ƙananan yara a 2010. Ba a riƙe ta da haƙori, ba a cin abinci sai an wanke hannu da sabulu, kayan aiki kuma ba sa shiga cikin gida.

'Yan'uwa direbobi, gobe da safe kafin ku tayar, ku murza makulli zuwa matakin da allo ke kamawa, ku tsaya. Fitilar baƙin mai da ta batir su kama, su mutu bayan injin ya tashi. Allurar zafi ta ɗaga a hankali cikin 'yan mintuna. Wadda duk ta ƙi, ku kai wa rewaya mafi kusa kafin ku ɗauki fasinja.