Tsarin yini a gidan da uwa da uba ke fita nema

Mai gida ya fita da kabu-kabu ko ya tafi gona tun da asuba, uwar gida kuma tana da tulun ruwa, da daka, da kayan sana'ar da za ta kai kasuwa. A irin wannan gida, abin da ke fara salwanta idan lokaci ya ƙure shi ne abincin ƙaramin yaro, domin shi ne ba ya iya neman haƙƙinsa da baki. Manya suna jure wa yunwa har tuwon dare. Yaro ɗan wata 9 ba ya iyawa: cikinsa bai wuce cin kofi guda ba, saboda haka sai an ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa.

Daga haihuwa zuwa wata 6, nono zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata, ko da ana tsananin zafi. Daga wata 6 zuwa 8 a ƙara masa abinci sau 2 zuwa 3 a yini. Daga wata 9 zuwa 23 kuma sau 3 zuwa 4, ana ci gaba da shayarwa. Wanda ya dubi wannan lissafi zai gane ba aikin mutum guda ba ne.

Yawancin gajiyar da iyaye ke kuka da ita ba daga nauyin aiki kaɗai take fitowa ba. Tana fitowa ne daga sake yanke shawara ɗaya kowace safiya: me za a dafa, ina kuɗin cefane, wa zai riƙe yaro? Abin da aka tsayar tun daren jiya ba ya zama gardama da safe. Don haka, mai gida, ka ba da kuɗin cefane ko tiyar hatsi tun da dare, ko na kwana biyu ko uku idan da hali. Uwar gida ta san abin da ke hannunta kafin ta kwanta.

Ba ku bukatar agogo, kiran salla ya wadatar. Ku ɗaura cin yaro da lokutan da kowa ya sani: da hantsi, bayan azahar, bayan la'asar, bayan magariba. Kowane lokaci kuma a ambaci sunan wanda zai ba shi, kaka ce ko abokiyar zama ko uba. "Wani zai ba shi" ita ce hanyar da yaro ke wuni da ruwan fura kawai. Yarinya ƴar shekara 7 tana iya yi wa ƙanenta wasa, amma kada a bar mata alhakin ciyar da shi ba tare da babba a kusa ba. A zuba masa a kwanonsa daban, a wanke hannu da sabulu, domin a ga iyakar abin da ya ci.

Rana ɗaya a mako, ku ware ta don haɗa garin kunu: hatsi, da wake da gujiya da aka soya sama-sama, a niƙa, a rufe a mazubi busasshe. Gari yana jira, dafaffen kunu ba ya jira. Wanda ya wuce awa 2 a ajiye cikin zafinmu sai an sake tafasa shi. Da garin a hannu, duk wanda ke gida zai dama sabo cikin ɗan lokaci, da kauri, ba tsararo ba, ya ƙara cokalin mai ko garin zogale ko na ƙuli-ƙuli.

Mata da yawa suna cewa damuwa ta ƙafar musu da nono. Gaskiyar ita ce damuwa na iya jinkirta zubowarsa na ɗan lokaci, amma yawan tsotso ne ke ƙara shi. Ki shayar kafin fita, da dawowa, da cikin dare. Ma'aikaciya mai albashi kuwa, dokar aiki ta Nijar ta ba ta hutun haihuwa na mako 14 da awa ɗaya ta shayarwa a ranar aiki. Haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, noma ya ɗauke kowa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yawaita, a nan ne tsari ya fi saurin rushewa. Ku zaɓi rana tsayayya, misali Juma'a, ku auna damtsen duk yaron da ke tsakanin wata 6 da shekara 5 da ma'aunin nan mai launi uku. Kore lafiya ne. Rawaya, a kai shi likita a duba shi. Ja, wato ƙasa da milimita 115, ko kumburin ƙafafu biyu, alamar tamowa mai tsanani ce: a kai shi a ranar, ko da kasuwa ta ci, kuma tun yau ku san wanda zai kai shi da wanda zai tsaya da sauran yara.