Kafin ka zuba jarinka a sana'ar gashi ta waya

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini shirinka na buɗe kamfanin da zai riƙa koya wa marasa lafiya motsa jiki a gida ta wayar salula. Allah ya sa albarka. Buƙatar kam tana nan. Wagadugu garin babura ne, duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibitin Yalgado ya ga irin karayar da ake shigowa da ita. Ga kuma hawan jini da ke shanye wa dattawanmu ɓarin jiki. Likita zai yi nasa, ya sallami mutum, ya ce ya riƙa zuwa wajen kine, wato ƙwararren mai motsa gaɓoɓi, ana yi masa gashi. Sai ya je sau biyu ko uku ya daina. Ba taurin kai ba ne. Tun da aikin sake fasalin gari na ZACA ya rushe tsohuwar unguwarmu Zanguwatan a 2003 aka kwaso mu nan gefen Ouaga 2000, tsakiyar gari ya yi mana nisa. Ko asibitin Tengandogo da ke kusa, ɗora tsoho mai shanyayyen ɓari a kan babur ba abin da za a yi kullum ba ne, kuɗin taksi kuwa ya kan kai kuɗin gashin.

Na san inda ka ga abin. Akwai Hinge Health a Amurka, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2025, da Sword Health da aka fara a Fotugal. Amma ka tambayi kanka wa ke biyansu. Kamfanonin inshora ne da manyan ma'aikatu, suna biya wa ma'aikatansu. A nan mai biyanka ɗan tireda ne da ke jinyar ubansa, ko wani wa da ke Abijan yana turo ɗan abin da ya samu ta Orange Money. Saboda haka kada ka fara da kashe kuɗi wajen ƙera manhaja. Ƙungiyar Humanité et Inclusion, wadda ta daɗe tana aiki a ƙasar nan, ta riga ta yi wata mai suna OpenTeleRehab, an fara amfani da ita a Biyetnam, kuma a buɗe take ga mai so. Ka duba ta. Watakila ma ka tarar WhatsApp ɗin da ke aljihun kowa ya ishe ka shekarar farko.

Abin da na fi so ka zauna ka yi tunani a kai shi ne hannun da zai riƙe wayar. Ba na majinyaci ba ne. Na suruka ne, ko autar gida, ko jikar da ta dawo daga makaranta. Ita ce za ta juya tsohuwa a shimfiɗa don kada bayanta ya yi gyambo, ta miƙe mata yatsu, ta zaunar da ita bakin gado, ga girki ga wanki na jiranta. In ta gaji, aikinka ya tsaya, ko da manhajarka ta fi ta kowa kyau. To ita za ka yi wa magana, da murya, cikin Hausa ko Mosanci ko Fulatanci, a taƙaice, abu ɗaya a rana. Rubutun Faransanci ba zai kai ka ko'ina ba a cikin gidajenmu. Hoton bidiyo ya zama gajere wanda za a sauke sau ɗaya a ajiye, don kuɗin intanet, kuma ka san halin wuta in bazara ta kama. Ka kuma lura da kunya. Hajiya ba za ta kwaikwayi saurayi mai gajeren wando ba, ba za ta yarda a ɗauke ta ba lulluɓi ba. Ka nemi mace ta nuna wa mata. Hoton da aka turo maka na jikin uwar wani amana ne, kuma akwai hukumar da doka ta ɗora wa tsaron irin waɗannan bayanai. Ka je ka ji sharuɗɗansu tun kafin ka karɓi hoto ko ɗaya.

Kai ka karanta kwamfuta, ba ka karanta jikin mutum ba. Jan hannun da ya shanye da ƙarfi yana iya gocar da kafaɗa, taka ƙafa kafin ƙashi ya kama yana iya mayar da aiki baya. Dole ka sami kine mai takardar shaida ya zama abokin tarayyarka, ba ɗan aike ba. Shi zai fara zuwa gidan da ƙafarsa, ya taɓa, ya gwada, ya tsara abin da za a yi, sannan waya ta riƙe tsakanin zuwa da zuwa. Shi zai ce in ƙwauri ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi wuya, a ajiye waya a nufi asibiti. Masu wannan ilimi ba su da yawa a ƙasar nan, in ka samu nagari ka raba riba da shi ba tare da ƙyashi ba.

Masu ɗorin gargajiya kuma kada ka raina su a gaban jama'a. Mutane sun yarda da su tun kafin a haife ka, kuma bayan an kwance karan ɗori gaɓa kan sandare, nan ne aikinka zai shigo. Ka kai musu gaisuwa, ka kai wa liman da sarkin Zango.

Batun kuɗi: ka yi wa kamfaninka rajista a ofishin CEFORE da ke Maison de l'Entreprise don ka yi barci da ido biyu rufe. Ka karɓi kuɗi mako-mako, mutanenmu ba su saba biyan wata gaba ɗaya ba. Hayar sandar dogarawa da keken guragu na iya riƙe ka kafin sauran ya kankama. Kada ka taɓa adashin mahaifiyarka, kuma kada ka ce wa kowa ubansa zai tashi ya yi tafiya cikin wata kaza. Wani zai tashi, wani iyakarsa ya iya kai loma bakinsa da kansa, wannan ma a wajen iyalinsa babban abu ne.

Ka fara da gidaje kaɗan a layinmu, waɗanda za ka iya zagayawa da ƙafa bayan la'asar. In ka sami kine ɗin, ka kawo mini shi ranar Juma'a bayan an sauko, akwai gidaje biyu da zan raka ku.