Ido da Kafaɗa a Gasar Harbi da Ƙaramar Bindiga

Wannan ɗan rubutu zai yi tsokaci ne a kan gasar harbi da ƙaramar bindiga mai aiki da iska, wadda ake yi daga nisan mita 10. Ɗan wasa yana tsaye, bindiga a hannu ɗaya, zai yi harbi 60 cikin minti 75. Da'irar da ke ba da maki 10 kuwa faɗinta milimita 11.5 ne kacal.

Abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai shi ne, ba allon ake zura wa ido ba. Ido ba ya ganin na kusa da na nesa tangaran lokaci guda. Saboda haka ake horar da maharbi ya kafa ido a kan ɗan tsinin saiti da ke bakin bindiga, ya bar allon ya yi dishi-dishi. A 1996, Joan Vickers ta Jami'ar Kalgari ta nuna cewa gwanayen ƙwallon kwando sukan daɗe da kafa ido wuri guda kafin su jefa. Masu horar da maharba ma wannan natsuwar suke nema.

To, amma ido ba zai natsu ba in wuya ya sanƙare, kafaɗa tana rawa. Shi ya sa ake miƙe wuya, a ƙarfafa kafaɗa da igiyar roba, a riƙa ɗaga bindiga ba harsashi ana fuskantar farin bango.

A Olamfik ta Faris a 2024, Yusuf Dikeç na Turkiyya ya ci azurfa a gasar haɗin gwiwar mace da namiji, idanunsa biyu a buɗe, ɗaya hannun a aljihu.