Gwajin Madubin Hangen Taurari da Inda Yakan Kasa

A Ingila da Amurka akwai mutane da dama waɗanda sukan goga madubin hangen taurari da hannunsu a gida. Gugar aiki ne na haƙuri kurum. Abin da ke da wuya shi ne a san ko kwarmin madubin ya yi daidai, gama kuskuren da za a iya haƙura da shi a fuskar gilashin bai kai kashi 3 cikin miliyan na inci ɗaya ba. Ma'aunin maƙeri ba ya kaiwa can, sai dai a auna da haske.

Dabarar da aka fi bi wani Bafaranshe ne, Léon Foucault, ya fito da ita a shekarar 1858. Akan ajiye fitila mai ɗan ƙanƙanin rami a gaban madubin, can inda hasken zai komo ya taru, sa'an nan a turo kaifin reza a hankali ya yanki hasken. Idan kwarmin kamar ɓangaren ƙwallo yake, sai madubin ya dushe gaba ɗaya. In akwai tudu ko kwari, inuwa za ta tona shi.

To, amma madubin da zai tara hasken tauraro ba siffar ƙwallo ake so ya yi ba, sai wadda masana ke kira farabola, mai ɗan ƙarin zurfi a tsakiya. Ita kuwa ba ta dushewa gaba ɗaya. Tilas a rufe madubin da kwali mai tagogi, a auna shi zobe zobe. A madubi mai faɗin inci 6 wanda ke tara haske a inci 48, fitilar tana can inci 96, kuma tazarar da ake nema tsakanin inda tsakiya ke tara haske da inda gefe ke tarawa ba ta cika kashi ɗaya cikin goma na inci ba. Ido ne kuma alƙali, shi zai ce inuwa biyu sun yi duhu ɗaya. Mutum biyu sukan duba madubi ɗaya su saɓa. Ɗumin hannu yakan kumbura gilashin, iskar ɗaki takan sa inuwar rawa. Mafi muni, awon yana bin layi ɗaya ne a kwance, watau in madubin ya fi lanƙwasa ta wata fuska, sai ya wuce ba a gani ba, in ba an juya shi an sake awo ba.

Gwajin Vasco Ronchi na Italiya, na 1923, da ake yi da gilashi mai layuka, ya fi sauƙi, yana kuma nuna gefen da ya zaizaye. Sai dai a ganina ba ya faɗin yawan kuskure yadda za a dogara da shi.

Ko manyan masana abin ya taɓa cinsu. Madubin Hubble mai faɗin mita 2.4, da aka harba sama a 1990, an goge shi daidai da abin da na'urar gwaji ta nuna, alhali gilashi ɗaya a cikin na'urar ya goce da milimita 1.3. Wasu gwaje-gwajen sun nuna kuskuren, aka ƙi yarda da su. Sai a Disamba 1993 'yan sama jannati suka sa masa gilasan gyara.

Mai madubi a gida ya fitar da shi da dare, ya bari ya huce, ya saita tauraro mai haske, ya matsa gilashin ido ciki kaɗan, sa'an nan waje kaɗan. In zoben hasken iri ɗaya ne a duka biyun, madubin ya yi. In sun bambanta, sai ya koma kan guga.