Garan-Popo, gari tsakanin gulbi da teku

1. Daga Zongo zuwa Garan-Popo

Zongo unguwa ce a tsakiyar birnin Kwatano, a ƙasar Benin. Hausawa da yawa suna zaune a cikinta, tare da Zabarmawa da Dendawa da Yarabawa. Tun asuba unguwar take cika da motsi. Ladan yana kiran salla a babban masallaci, masu shayi suna hura wuta, ƴan zemijan masu riga rawaya suna kai da komowa a kan baburansu.

Teku yana kusa da Zongo. Ran Lahadi da marece, mutanen Kwatano sukan tafi bakin tekun Fijirose su sha iska. Amma wurin yakan cika da jama'a da kiɗa. Wanda yake son ya huta nesa da hayaniya yakan nufi yamma, zuwa wani ɗan gari mai suna Garan-Popo. Da Faransanci ana rubuta sunan haka: Grand-Popo.

Daga Kwatano zuwa Garan-Popo wajen kilomita 85 ne. Ana shiga motocin da ke bin hanyar Lome, babban birnin Togo. Mota takan wuce Wida da Kome, sannan ta hau gadar gulbin Mono. Da an ƙetare gada, an iso. Daga nan iyakar Togo ba ta da nisa, wajen kilomita 20 ne.

2. Yadda garin yake

An gina Garan-Popo a kan wani dogon tudun rairai marar faɗi. A kudu akwai tekun Atlantika. A arewa akwai gulbin Mono da tabkunansa. Ruwa gaba, ruwa baya: shi ya sa garin ya yi kama da tsibiri. A wasu wurare, yaro yana iya tashi daga bakin gulbi ya kai bakin teku a ƙafa cikin ƴan mintoci.

Gulbin Mono ya taso daga ƙasar Togo. Tsawonsa wajen kilomita 400 ne. Yana shiga teku a gabas da garin, a wani wuri da ake kira Bush-di-Ruwa, wato Bouche du Roy. Turawan Fotugal ne suka fara ba wurin suna da harshensu, ma'anarsa "bakin gulbi". Faransawa suka ji sunan, suka juya shi ya koma "bakin sarki".

Cikin ruwan da ke bayan garin akwai ƙananan tsibirai. Ba a zuwa can sai da kwalekwale. Akwai kuma wasu itatuwa masu tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu. Kifi da ƙaguwa suna hayayyafa a ƙarƙashinsu. A shekara ta 2017, hukumar UNESCO ta sa wannan yanki na bakin Mono cikin wuraren da ake kare itatuwansu da dabbobinsu.

3. Mutanen garin da sana'o'insu

Ainihin mutanen garin su ne Hwala, waɗanda ake kuma kira Popo. A ƙidayar shekara ta 2013, garin da ƙauyukansa suna da mutum fiye da 57,000.

Babbar sana'arsu ita ce su. Masunta suna shiga teku da babban kwalekwale, su zuba taru, su komo gaɓa da igiyoyinsa. Daga nan mutane da yawa su jeru a kan rairai, suna ja suna waƙa. Jan taru ɗaya yakan ɗauki awoyi. Mata suna sayen kifin, su yi bandarsa, su kai kasuwa.

Wasu mata suna yin gishiri. Suna kankaro ƙasa mai gishiri, su zuba mata ruwa, su tace, su dafa ruwan har ya ƙone ya bar farin gishiri. Wasu mutane kuma suna da garka a cikin rairai. Suna noman albasa da tumatir da karas, suna ban ruwa safe da marece. Itatuwan kwakwar Attagara sun jeru a bakin teku, suna ba da inuwa da ƴaƴa.

4. Masaukin baƙi

Sunan unguwar Zongo daga kalmar zango ya fito. Zango shi ne wurin da fatake suke sauke kaya su kwana. A zango akwai fatoma, mai saukar da baƙi. Shi yake ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kayansa, ya nuna masa gari.

Garan-Popo ma garin saukar baƙi ne, sai dai baƙinsa hutu suke zuwa yi. Ana ce musu ƴan yawon buɗe ido. Wasu daga Kwatano da Lome suke zuwa, wasu daga Najeriya, wasu daga Faransa da sauran ƙasashen Turai.

Otel-otel ɗin garin ƙanana ne. Yawancinsu a bakin teku suke, cikin itatuwan kwakwa. Wasu ɗakunan na siminti ne da rufin kwano, wasu kuma da rufin ciyawa. In baƙo ya zo, sai ya nuna katin shaidarsa, a rubuta sunansa, a ba shi mabuɗin ɗaki. A cikin ɗaki yakan tarar da gado da gidan sauro da fanka da makewayi. Ana biyan kuɗi a kan kowane kwana. Ɗaki mai na'urar sanyi ya fi mai fanka tsada.

Baƙi sun fi yawa ran Asabar da Lahadi, da kuma lokacin hutun ƙarshen shekara. Amma ranar da garin ya fi cika ita ce ranar bikin Nonbica, wato Nonvitcha. An soma wannan biki a shekara ta 1921. Kowace shekara, lokacin sallar Kirista ta Fentikos, ƴaƴan yankin da ke zaune nesa suna komowa gida su sada zumunci.

Kuɗin da baƙo ya kashe yana shiga hannu da yawa. Kuku da mai wanki da mai gadi suna samun albashi. Masunci yana sayar wa otel kifi, mai garka yana sayar da tumatir, mai kwalekwale yana kai baƙi Bush-di-Ruwa. In baƙi suka daina zuwa, dukan waɗannan mutane za su ji a jikinsu.

5. Teku yana cin gari

A zamanin da, Garan-Popo babban garin ciniki ne. Jiragen Turawa sun sayi bayi a wannan gaɓa. Bayan an hana cinikin bayi, sai aka koma cinikin manja. Ƴan kasuwa suka gina manyan gidaje a unguwar Gbekon. Daga baya ciniki ya koma Kwatano, inda aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a shekara ta 1965. Yawancin gidajen Gbekon sun zama kango, wasu kuma teku ya cinye su.

Me ya sa teku yake cin gaɓa? A wannan yanki, ruwan teku yana tura rairai daga yamma zuwa gabas. Yana kwashe wani, yana kawo wani. In wanda ya kawo ya kai wanda ya kwashe, gaɓa tana nan yadda take. In ya kasa, sai gaɓa ta riƙa ja da baya.

Gulabe ne suke kawo wa teku rairai. An datse gulbin Bolta a Akosombo, ƙasar Gana, a shekara ta 1965. An datse Mono a Nangbeto, ƙasar Togo, a shekara ta 1987. Madatsun suna ba da lantarki, amma suna riƙe rairai. Tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda aka buɗe a shekara ta 1968, ita ma tana tare rairan da ke tahowa daga yamma. Ban da haka, mutane sun daɗe suna ɗibar rairan bakin teku da manyan motoci don yin gini.

A shekara ta 2008, gwamnatin Benin ta hana ɗibar rairai a bakin teku. A shekarun 2022 da 2023, Benin da Togo sun yi wani babban aiki tare, da taimakon Bankin Duniya. An jera manyan duwatsu daga gaɓa zuwa cikin ruwa don su riƙe rairai. An kuma ɗebo rairai daga cikin teku, aka zuba a gaɓa kusa da iyakar ƙasashen biyu.

6. Baƙo a bakin teku

Rairan Garan-Popo yana da kyau, amma ruwansa yana da haɗari ƙwarai. Taguwar ruwa tana da ƙarfi. Akwai kuma wani ruwa mai komawa baya, yana jan mutum zuwa cikin teku. Ko babba wanda ya iya iyo yana iya nutsewa. Saboda haka yaro ba ya shiga teku. Ba ya zuwa bakin ruwa shi kaɗai, kuma ba ya juya wa taguwar ruwa baya.

Baƙo na kirki ba ya yar da leda ko kwalba a kan rairai. Kunkurun teku suna fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai a nan. Uwa ɗaya takan zuba ƙwai wajen 100. Bayan wajen wata biyu, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su nufi ruwa. Akwai mutanen gari masu gadin ƙwan har su ƙyanƙyashe. Kunkurun teku yakan haɗiye leda don yana tsammani abinci ce, ta kashe shi.

Abin tunawa

Garan-Popo yana kan rairai, tsakanin gulbin Mono da tekun Atlantika. Teku yana ba mutanensa kifi, yana jawo musu baƙi. Shi ne kuma yake cin ƙasarsu. In an kula da rairai da itatuwa, gari da masaukansa za su daɗe.

Kalmomi da Faransanci

teku: la mer
tsibiri: l'île
bakin teku: la plage
taguwar ruwa: la vague
taru: le filet
madatsar ruwa: le barrage
kunkurun teku: la tortue marine

Tambayoyi

1. Me ya sa Garan-Popo ya yi kama da tsibiri?
2. Ku faɗi sana'o'i uku na mutanen garin.
3. Mene ne aikin fatoma a zango?
4. Su wa suke amfana da zuwan baƙi?
5. Ku kawo dalilai biyu da suka sa teku yake cin gaɓa.
6. Me ya sa yaro ba ya shiga teku?

Aiki

1. Ku zana taswirar Garan-Popo a kan allo. Ku nuna teku da gulbi da gada da hanyar Lome.
2. Mota ta tashi daga Kwatano za ta Garan-Popo. Ta yi kilomita 40 ta tsaya a Wida. Kilomita nawa suka rage?
3. Ku tambayi wani dattijo na unguwarku yadda ake saukar da baƙo a da. Ku rubuta jimloli biyar a kan abin da ya gaya muku.