Shirya Motar Tsere a Ƙasar Burji: Shawara Ga Matasan Kona da Jalingo

Gasar da Turawa suke kira otokuros wani nau'i ne na tseren mota wanda ba a sakin motoci su yi rige-rige a tare, sai dai kowace mota ta shiga fili ita kaɗai, ta bi karkatacciyar hanyar da aka shata da robobin alama masu tsini irin waɗanda masu gyaran titi suke jerawa, alƙali kuwa yana riƙe da agogo yana ƙirga daƙiƙoƙin da ta ɗauka. A Amurka, inda ƙungiyar SCCA da aka kafa a 1944 take gudanar da gasar da sunan Solo, akan shata hanyar ne a kan kwalta ko kankare, a filin ajiye motoci ko tsohon filin jirgin sama, zagaye ɗaya bai cika wuce minti guda ba, gudun bai cika haura kilomita 100 a awa ba, kuma duk robar da direba ya ture ana ƙara masa daƙiƙa 2 a kan lokacinsa. A Ingila kuwa sunan yana nufin tsere a kan ciyawa ko tsurar ƙasa, kuma wannan ma'ana ta biyu ita ce ta fi kusa da halin da mai sha'awar abin yake ciki a Kona.

Kona, garin Jukunawan Kona da ke gefen Jalingo a kan hanyar Lau, yana cikin yankin da faffaɗan fili mai kwalta wanda babu zirga-zirga a kansa yake da wuyar samu, alhali burji da gonakin da aka gama girbe su suna ko'ina. Sha'awar gudu a tsakanin samari kuwa sananniya ce a duk biranen Arewa, inda takan ɓulla a matsayin wasan mota ranar rakiyar amarya, a tsakiyar titin da 'yan makaranta da masu talla da 'yan Keke Napep suke bi, kuma an sha ganin biki ya koma zaman makoki ta wannan hanya. Gasar da ake yi mota ɗaya bayan ɗaya a killataccen fili ita ce mafi araha kuma mafi aminci da za ta ɗauke wannan sha'awa daga kan titi. Matsalar ita ce mafi yawan abin da matashi yake kallo a YouTube game da shirya motar tsere an tsara shi ne domin kwalta mai santsi, sai ya je gareji ya sa a yanke masa sifirin motar ta zauna ƙasa, ya sa manyan wili masu siririyar taya, ya buɗe salansa, ranar da ya shiga burji kuma motar ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya, tana ƙin cin kwana, ƙarshe dutse ya fasa kwanon baƙin mai.

Dalilin haka yana ga yadda mota take riƙe ƙasa. Duk nauyinta da ƙarfin injinta da birkinta suna isa ƙasa ne ta wurare huɗu, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba, wato inda taya ta taɓa ƙasa, kuma aikin sifirin da shokozoba shi ne su hana waɗannan wurare huɗu rabuwa da ita. A kan kwalta mai laushi sifirin mai tauri yana da amfani, domin yana rage kwanciyar da mota take yi gefe guda a kwana. A kan gargada kuwa taurin yana sa taya ta riƙa tashi sama, kuma tayar da take iska ba ta juya mota, ba ta tsayar da ita. Tarihin Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya soma haɗawa a Kaduna a 1975, ya isa misali: a wannan shekarar ce Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Gabashin Afirka da ita, kuma abin da aka san motar da shi shi ne doguwar tafiyar sifirin da juriyar ƙafafu, ba ƙarfin inji ba. Saboda haka motar da za ta yi gasa a burjin Kona a bar ta a tsayin da kamfani ya yi ta, a kashe kuɗin a kan sababbin shokozoba masu kyau, domin shokozobar da ta mutu tana barin mota ta ci gaba da lilo bayan ta wuce rami, ta iso kwana ta gaba ba ta gama natsuwa ba.

Game da zaɓen mota, a ƙasashen da wasan ya kafu Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, ta yi suna saboda rashin nauyi, amma a Taraba abin da ya fi samuwa shi ne tsofaffin BMW masu lamba 3, da ƙananan Marsandi, da Golf da Honda Civic, kuma kowace daga cikinsu ta isa. Waɗanda tayoyin gaba suke ja, kamar Golf da Civic, halinsu shi ne turjiya, wato direba ya murɗa sitiyari hancin mota ya ci gaba da tafiya miƙe, maganinta kuwa a sassauta totur nauyi ya komo gaba. Waɗanda tayoyin baya suke turawa, kamar BMW da Marsandi, halinsu shi ne zamiyar baya, wato ƙugun mota ya fita daga layi idan aka taka totur da ƙarfi a tsakiyar kwana. Wannan zamiya ita ce take burge 'yan kallo, amma agogo ba ya sonta, kuma sabon shiga ya fi saurin koyo a motar da take jan gaba. Jif da duk wata doguwar mota ba su da wuri a wannan gasa, domin tsayinsu yana sa su kifewa.

Kafin a yi maganar ƙari, wajibi ne a fara da gyaran abin da ya lalace. A ɗaga motar a jak, a kama kowace taya da hannu biyu sama da ƙasa a girgiza, sannan hagu da dama, duk wani ƙwas-ƙwas da aka ji alama ce ta boris ko boljoyin ko tayirod da ya ci, kuma boljoyin da ya tsinke a kwana yana kwantar da taya nan take. A duba robobin bushin, a tabbata kowane wili yana da cikakkun notinansa, a ɗaure batir da ƙarfensa na asali, ba da igiya ko tsohon tub ba, sannan mai walda ya yi farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 4 a ɗaura a ƙarƙashin kwanon baƙin mai, wanda a motoci da yawa na alminiyam ne, dutse ɗaya yana tsaga shi.

Taya ita ce ta fi kowane sashe tasiri a kan lokaci, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da haruffan DOT ya ƙare da lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 yake nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar Beljiyam, wato ta gwanjo, takan zo da zane mai zurfi alhali robarta ta bushe ta ƙeƙashe, kuma wanda ya danna farce a kanta zai ji ta kamar tsohon takalmin fata da ya sha rana, da ƙananan tsage-tsage a gindin zanen. Irin wannan ba ta riƙe ƙasa, kuma zafi yana fasa ta. A burji taya mai dogon gefe a kan ƙaramin wili, inci 14 ko 15, ta fi siririya a kan inci 18, domin dogon gefen yana shanye duka, ya kuma kare wilin daga lanƙwashewa, sannan matsakaicin faɗi yana huda tsakuwar sama ya kai ga ƙasa mai tauri, inda mai faɗi sosai take yawo a kanta.

Batun iska yana buƙatar geji na kai, domin al'adar masu faci ta buga taya da ƙarfe a saurari ƙara ba ta iya bambance PSI 32 da 45. A fara da adadin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba, wanda yawanci yana tsakanin 30 da 35. Akwai masu rage iska sosai domin neman riƙo a ƙasa mai laushi, amma haɗarin haka shi ne taya ta zame daga bakin wili a tsakiyar kwana, wilin ya caki ƙasa, motar ta wuntsila, don haka ƙari kaɗan ya fi ragi aminci. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce a shafa alli a kafaɗar taya a wurare uku, a yi zagaye ɗaya a duba: idan allin ya goge har ya gangara gefen taya, tana naɗewa, a ƙara PSI 2. Kuma da yake iska tana ƙaruwa da kimanin PSI 1 a duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6, awon da aka yi da sanyin safiyar hunturu ba zai zama daidai da na azahar ba, sai an maimaita shi kafin kowane zagaye.

Birki ba ya buƙatar manyan kaya, sabon man birki da fad mai kauri sun wadatar. Man birki yana zuƙar danshi daga iska, kuma ruwan da ya shiga cikinsa yana saukar da zafin da yake tafasa: nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha danshi yakan sauko kusan 155, kuma man da ya tafasa yana zama tururi, direba ya taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Man da ya koma baƙi ko ya shekara biyu a zubar da shi gaba ɗaya. Na'urar ABS, wadda take hana taya ƙamewa, takan tsawaita nisan tsayawa a kan tsakuwa, abin da ya kamata direba ya yi shi ne ya fara birki da wuri, ba ya cire ta daga motar da zai koma titi da ita ba.

Zafi da ƙura su ne abokan gabar inji a wannan yanki, inda a watannin Maris da Afrilu rana takan kusanci digiri 40, kuma gasar tana tilasta wa inji ya yi kuka a giya ta biyu na minti guda, sannan ya tsaya a layi babu iskar da take bugun lagireto. Al'adar makanikai ta cire tamostat, wato bawul ɗin da yake riƙe ruwa a cikin inji har sai ya yi ɗumi, tana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba yana shan mai, a wasu injinan ma tana barin wani kaso na ruwan ya riƙa kewayawa ba tare da ya ratsa lagireto ba. A mayar da shi, a wanke lagireto ciki da waje, a zuba ruwan sanyaya inji na gwangwani maimakon ruwan rijiya da yake kawo tsatsa, a tabbata fanka tana tashi da kanta, a kuma sayi sabon murfin lagireto, domin matsin da wannan ɗan ƙaramin abu yake riƙewa shi ne yake ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120. Matatar iska kuwa a bar ta takarda a cikin akwatinta na kamfani, domin buɗaɗɗiyar matatar kwalliya tana barin jar ƙura ta shiga silinda ta riƙa cin ringi kamar sanfefa. Baƙin mai ya kai alamar sama, fetur kuma kada ya gaza rabin tanki, saboda dukansu suna tunkuɗewa gefe guda a doguwar kwana.

Sai bayan wannan duka ake taɓa alaimen, wato saitin fuskar tayoyi, kuma saitin kamfani ya ishi mai farawa. Wanda ya ƙware yana iya buɗe hancin tayoyin gaba waje da milimita ɗaya ko biyu domin mota ta yi saurin amsa sitiyari, da sanin cewa hakan yana cin taya a doguwar tafiya. Ƙa'idar da ba a karya ta ita ce a canza abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta shi a littafi tare da daƙiƙoƙin da aka samu.

Cikin mota a kwashe komai, da tabarmar ƙafa da kwalabe da jak, domin kwalbar ruwa ɗaya da ta gangara ƙarƙashin fedar birki ta isa ta jawo asarar rai. Direba ya matso da kujera har wuyan hannunsa ya iya sauka a saman sitiyari kafaɗarsa tana jingine, ya ɗaura bel, ya sa hular kwano mai tambarin inganci na ECE ko Snell. Filin kansa yana buƙatar shiri kamar motar: sai da izinin mai shi da na mai unguwa da fadar sarki, da sanin 'yan sanda da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, sannan a bi shi da ƙafa taku-taku a tone kututture, a baje ƙunya da suri, domin tayar da take zamewa gefe idan ta ci karo da tudu mota takan kife. A nome busasshiyar ciyawa, saboda salansa mai zafi tana tayar da gobara a rani, a ajiye tukunyar kashe wuta a kusa, a shata hanyar yadda babu inda mota za ta wuce giya ta biyu, a kuma ja igiya nesa a tsare 'yan kallo, musamman yara, daga bayan kowace kwana, inda motar da ta ƙwace take nufa. Idan an tashi, kafin kowa ya hau titin Jalingo, sai ya mayar da iskar tayoyinsa yadda kamfani ya rubuta, ya sake ɗaure notinan wili, ya kakkaɓe matatar iska, ya kuma leƙa ƙarƙashin motar ko akwai ɗigon mai.