Sani da Addu'a: Yadda Za Mu Zauna da Maƙwabtanmu Musulmi

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:16-34, Romawa 12:14-21, 1 Bitrus 3:13-17

Gabatarwa

Da wuya a sami iyali a Kudancin Kaduna da bai ɗanɗana ɗacin tarzoma ba. A watan Maris na 1987 gardama ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, a wani taron bishara na ɗalibai Kirista, a kan abin da mai wa'azi ya faɗa game da Alƙur'ani. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u fiye da ɗari da wasu masallatai. Bayan wannan aka yi na Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓe a watan Afrilu na 2011, wanda ya laƙume rayuka a Zonkwa da Kafanchan, kasuwar Kafanchan kuma ta ƙone.

Gaskiya ne cewa ƙasar noma, sarauta, kiwo da siyasa suna cikin tushen waɗannan rigingimu. Amma da sunan addini ake hura su, domin kowane ɓangare bai san bangaskiyar ɗayan ba sai ta bakin jita-jita. Darasinmu shi ne: mai bi yana bukatar abu biyu tare, wato sanin abin da maƙwabcinsa ya gaskata, da zuciyar da addu'a ta gyara.

1. Sani wajibi ne

Doka ta tara ta hana mu shaidar zur a kan maƙwabci (Fitowa 20:16). Wanda ya faɗi abin da Musulmi ba su gaskata ba, ya ce sun gaskata, ya karya wannan doka, ko da a kan bagade yake tsaye. Manzo Bulus bai buɗe baki a Atina ba sai da ya zaga birnin, ya dubi wuraren sujadarsu, ya kuma san abin da mawaƙansu suka rubuta. Saboda haka suka saurare shi, waɗansu har suka ba da gaskiya.

Me ya kamata iyalin Kirista su sani? Musulmi suna girmama Yesu da sunan Annabi Isa, sun yarda budurwa ce ta haife shi, sura ta 19 ta Alƙur'ani kuwa sunan Maryamu take ɗauke da shi. Suna kiranmu Ahlul Kitabi, wato ma'abuta littafi. Tarihinsu ya adana cewa wajen shekara ta 615, sa'ad da aka tsananta wa Musulmin farko a Makka, sarkin Habasha, Kirista, shi ya ba su mafaka. Haka kuma dole mu san inda muka rabu: ba su yarda Yesu Ɗan Allah ne ba, ba su kuma yarda an gicciye shi ba. Waɗannan su ne zuciyar bishararmu, ba za mu ɓoye su don a yabe mu ba. Da yawansu suna zaton alloli uku muke bauta wa. Wanda ya san Littafi Mai Tsarki sosai ne zai iya bayyana musu cewa Allah ɗaya ne muke wa sujada.

Muna da misali a jiharmu. Josiah Idowu-Fearon, tsohon Bishop na Ikkilisiyar Angilika a Kaduna, ya karanci addinin Musulunci a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya kuma kafa cibiya a Kaduna domin nazarin dangantakar Kirista da Musulmi. Wannan karatu bai rage masa bangaskiya ba. A 2015 aka naɗa shi babban sakataren Angilika na duniya, a 2017 kuma ya zama shugaban Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna.

2. Sani kaɗai bai isa ba

Ilimi a hannun mai fushi makami ne. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa sun jagoranci matasa a ɓangarori biyu masu gaba. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuwa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Da aka haɗa su a 1995, abin da suka fara shiryawa muhawara ce, kowa da niyyar kayar da ɗayan da ayoyi. Abin da ya juya su ya faru ne a wurin ibada. Ashafa ya ji huɗubar Juma'a a kan gafara. Wuye kuwa wani fasto ne ya gargaɗe shi cewa ba ya yiwuwa ya yi wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuci. Ya ɗauki shekaru kafin ya saki ramuwa. Daga nan suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai a Kaduna, suka kuma taimaka har shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta na 2002.

Abin da Bitrus ya koyar ke nan: mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi. Shiri daga nazari yake zuwa, tawali'u kuwa daga durƙusawa.

3. Takarda ba ta isa ba

A ranar 23 ga Maris, 2016, wakilan al'ummu 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kaura, Zangon Kataf, Kachiya da Sanga suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Duk da haka, kafin shekarar ta ƙare an kai hari Godogodo da Goska. Wannan bai mai da yarjejeniyar banza ba. Ya nuna mana cewa abin da dattawa suka rubuta sai an shuka shi a gidaje. Gafara kuma ba ta hana mu neman adalci ga waɗanda aka kashe, ko kiran hukuma ta tsare ƙauyukanmu. Abin da Romawa 12 ta hana shi ne ɗaukar fansa da hannunmu.

4. Abin da iyali za su yi

A sujadar iyali, ku ambaci maƙwabtanku Musulmi da sunayensu, ku roƙa musu albarka. Kada ku bar yara su yi wa sallarsu ko littafinsu ba'a. In labari mai tayar da hankali ya shigo ta waya, ku bincika, ku yi addu'a, kafin ku tura wa wani. Ku je gaisuwar mutuwa da barkan haihuwa kamar yadda iyayenmu suka saba. Shugabannin Zumuntar Mata da na Matasa su nemi fastocin da suka yi wannan karatu su koyar da su.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane abu muka taɓa faɗa game da Musulmi ba tare da mun tabbatar ba?
2. Yaya za mu bayyana gicciyen Almasihu ga maƙwabci ba tare da zagi ba?
3. Wane ne ya yi mana wuyar gafartawa, yaushe kuma za mu fara yi masa addu'a?

Ubangiji, Sarkin Salama, ya ba mu hikima da zuciya mai gafara, ya warkar da ƙasarmu. Amin.